Tirelar Baba Ta Mutu a Kan Tebur

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na danna maɓallin kwamfutar Baba. Fankokin ciki suka juya, 'yar fitilar gaba ta kama, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin, ba abin da nake gani a ciki sai fuskata. Na kashe na sake kunnawa, na kuma kashewa. A karo na huɗu ne na janye hannu daga maɓallin, don na san abin da na taɓa, na kuma san mai shi. Baba da Mama sun tafi asibiti wurin gashin ƙashi tun ƙarfe takwas, sai bayan la'asar za su dawo. A shirina, kafin nan na gama komai, na mayar da murfi, na share tebur, Baba ya shigo ya tarar motarsa ta fi da lafiya.

Motarsa nake cewa, don haka muke kiranta a gidanmu. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tirela, abokan aikinsa na kiransa Dogon Zango, kuma ko akuya bai taɓa gogewa ba. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya zame daga kan kujera, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya shiga ɗaki ya kwanta, ya juya fuska bango. Wata bakwai muna kallon bayansa. Na haddace bayan nan fiye da fuskarsa: kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ga wani tsohon tabo a ƙeya. Maganarsa ba ta wuce "to" da "bari". Direbobi suka yi ta zuwa gaisuwa, ya ce kada a shigo da su, ba ya son su ga bakinsa a karkace. Likita ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa da hannun hagu, ya bar ta ta gangara ƙarƙashin gado. Kullum sai Mama ta ciro ta, ta goge, ta ajiye masa kusa da filo.

Yayana ne ya kawo dabarar, kafin aiki ya ɗauke shi zuwa nesa. Ya tsinto kayan kwamfuta na hannu, wannan daga nan wancan daga can, ya haɗa su cikin wani tsohon akwati mai tsatsa a gindi. Ya sayo sitiyarin wasa da abin taka birki da totur, ya sa wasan tuƙin manyan motoci, ya kafa a falo daidai inda ake hangowa daga gadon Baba. Sannan ya zauna yana ribas da tirela, da gangan yana dukan shinge, ya ƙure ƙarar. Kwana uku yana wannan ɓarnar. A rana ta huɗu muka ji murya daga ɗaki, kalmomin na jan ƙafa: "Kai... sitiyarin... ɗaya ɓangaren." Ashe Baba ya juyo. Mama na riƙe da faranti, sai da ta ajiye shi ta dafa bango.

Tun daga ranar Baba ya koma aiki. Yakan yi wanka, ya sa hula, ƙarfe tara ya zauna gaban sitiyari. Hannun dama ke tuƙi, na hagu ɗora shi kawai yake yi a kai, yatsun ba sa rufewa. Ni yake kira Kwandasta, don ni ke kunna masa in zaɓo masa kaya da hanya kafin in tafi aiki. Waje dai bai yarda ya fita ba in ba asibiti ba, shi ma sai an kawo tasi har bakin ƙofa. Amma yana cin abinci, yana faɗa da direbobin cikin allo, har yana cewa wani ba shi da tarbiyya. Mun san abin da ya tsayar mana da shi. Ba ma faɗa, amma ko ƙurar akwatin nan Mama za ta goge sai ta yi bisimilla.

Sai wasan ya sabunta kansa, ya yi nauyi. A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, amma da an shigo gari inda motoci suka yi yawa, sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga. Ran wata Asabar ina gida, hoton ya daskare a wata mahaɗa, da ya saki sai ga kan tirelar Baba a cikin bayan wata ƙaramar mota. Wasa ne, ba wanda ya ji ciwo. Amma Baba ya sauke hannu daga sitiyari, ya ja ƙafa ya shiga ɗaki. Da na leƙa, bayan nan na gani. Yini ɗaya kacal ya yi a haka, amma ni a yinin gani nake wata bakwai ɗin ne suka dawo.

A gidan buga takardu nake aiki, ni ke duba rubutu kafin a buga. Kwamfuta ta fuska na san ta, ban san hanjinta ba. Amma na ga hoto ne ke tsayawa, an kuma ce akwai abin da ake kira katin hoto, to me ya rage? Na kwashi ɗan abin da na tara na tafi kasuwar kayan lantarki wurin Injiniya, mai gyaran da Yaya ke sayen kaya a hannunsa. Na nuna kati mafi girma da aljihuna zai iya ɗauka, mai fanka uku.

"Malama, wane furosesa ne a ciki?" ya tambaye ni.

Na karanta masa daga takardar da Yaya ya bari.

"Wannan katin ya fi ƙarfinsa. Da za ki ji ta tawa, ki raba abin biyu, ki..."

"Hoto ne ke tsayawa. Ka ba ni abin da na nuna."

Ya ba ni. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Da na sa katin, itatuwan gefen hanya suka yi kyau har ana ƙirga ganye, ruwan sama na sheƙi a kan kwalta. Muka shigo gari, hoton ya fizga kamar jiya. Baba ya sa sigina, don ko a wasa ba ya tsayawa babu sigina, ya yi fakin a gefe. Ya ce, "Kwandasta... fenti kika yi wa mota. Inji ne... ke tari."

Na koma wurin Injiniya kai a sunkuye. Bai yi mini dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce katin hoto mai zane ne kawai, furosesa ne ke gaya masa abin da zai zana. A cikin gari kowace mota, kowace danja, kowane mai tafiya a ƙasa, sai furosesa ya yi tunaninsu ɗaya bayan ɗaya, babban katin nawa kuwa yana zaune ya naɗe hannu yana jira. Muka daidaita: in dawo da babban katin, ya ba ni matsakaici da furosesa mai ƙarfi, in cika masa da tsohon furosesan namu. Na zaɓi ranar gashi don kada Baba ya ga an buɗe cikin motarsa.

Da safen nan suna fita na kwance akwatin, na ciro katin da tsohon furosesa, ɗan abu da bai cika tafin hannu ba, na kai masa. Yana miƙo mini sababbin ya ce, "Bod ɗin naku fa, faifan da komai ke zaune a kai, kin tabbata..."

"Na duba. Ramin ɗaya ne, sunan furosesan na cikin jerin waɗanda yake ɗauka."

"A'a, ina nufin ko an riga an..."

"Na ce maka na duba, Injiniya. Duba rubutu ne sana'ata."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma kan aikinsa. Sau ɗaya ya riga ya fi ni gaskiya, ban shirya ba shi ta biyu ba.

To yanzu ga ni gaban baƙin allo. Na ciro sabon furosesan na duba ƙafafunsa a hasken taga ko na lanƙwasa ɗaya, duk suna tsaye. Na mayar, na sake shafa masa man hana zafi mai launin toka, na ɗaure fanka, garin sauri sukuru ɗaya ya faɗa cikin akwatin sai da na kifa shi. Na cire kati na mayar. Na canja wayar allo. Allo dai baƙi. Na buɗe jerin nan a wayata, na sami sunan furosesan, sai a lokacin idona ya sauka kan wani ɗan ƙaramin rubutu a gefensa, irin wanda nake yi wa masu kawo mana aiki faɗa a kan rashin karanta shi. Na kira Injiniya.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Abin da nake son tambayarki ke nan ɗazu. Bod yana da ɗan littafinsa a ciki, bayos ake ce masa, sunayen furosesan da ya sani ne a rubuce. Wannan sabon, bayan an ƙera bod ɗinku aka haife shi. Sai an sabunta littafin kafin ya gane shi."

"To a sabunta."

"Ba ya sabuntuwa sai kwamfuta na kunne. Ita kuma ba za ta kunnu ba sai da tsohon."

"Ga ni nan zuwa in karɓa."

"Malama, kina fita mai ɗakin wasan kwamfutan nan na saman bene ya sauko ya saye shi. Sati biyu yana jiran irinsa. Ni kuma ba ni da wani na zamaninsu, kuma na san layin nan kaf babu."

Na ce ya hau ya roƙar mini aro na rabin awa. Bayan minti ashirin ya kira: mutumin ya ƙi. Ya riga ya ɗaura, mutane na kai suna wasa, kuma ya taɓa ba da aron furosesa aka dawo masa da shi ƙafafu a lanƙwashe, ya rantse ba zai kuma ba. Injiniya ya ce zai iya sa a kawo wani daga wani gari, kwana goma zuwa sati biyu.

Na kalli ƙofar ɗakin Baba. Na ga abin da yini ɗaya ya yi, ba sai an gaya mini abin da sati biyu za su yi ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Na kira Yaya, wayarsa a kashe, inda yake aiki sai ƙarshen mako ake samunsa. Na zauna a ƙasa tsakiyar sukurori ina shirya ƙaryar da zan yi: wuta ce ta ƙona ta, ko Yaya ne ya ce a kai ta gyara. Ban gama zaɓa ba na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ko ƙarfe ɗaya ba ta yi ba.

Ashe likitar ce ba ta zo ba, an kira ta wani wuri. Na ji sandar Baba a kan siminti, ƙwas, sannan jan ƙafa, ƙwas, sannan jan ƙafa. Ko tashi in rufe akwatin ban iya ba. Mama ta ɗaga labule, ya shigo ya tsaya. Ya kalli akwatin a kwance ciki a buɗe, wayoyi a waje. Ya kalli sitiyarin da na ture gefe, ya kalli allon. Ni bai kalle ni ba. Ya wuce ɗaki, muka ji gado ya yi ƙara.

Mama ta ce ƙasa-ƙasa, "Me kika yi?" Babu faɗa a muryarta, tsoro ne zalla. Da ma faɗan ta yi mini.

Na tsaya a bakin ƙofarsa. Ko hula bai cire ba. Ga kafaɗar nan mai tudu, ga tabon nan ƙarƙashin hula. Duk ƙaryar da na shirya ta gudu. Na durƙusa a gefen gado na gaya wa bayansa komai: musayar da na yi, tambayar da na katse sau biyu, ɗan rubutun da ban karanta ba. Na ce, "Sati biyu ne kawai, Baba." Ni kaina da na ji maganar ta fito ban yarda da ita ba.

Bai motsa ba. Na ga ƙwallon robar nan kusa da filo, na ƙura mata ido don kada in yi kuka. Har na fara miƙewa sai ya yi magana, fuskarsa na bango.

"Tsohon injin... kin ba da shi... kafin sabon ya tashi?"

"E, Baba."

"'Yar direba."

Kalma biyun nan sun fi mari ciwo. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san akwatin ƙarfen da Baba ke ajiyewa ƙarƙashin kujerar tirela, cike da tsofaffin bel, tsohon famfon mai, da notuna masu baƙin mai. Ƙa'idarsa ce, ba a rabuwa da tsohon kaya sai sabon ya kai ka ya dawo da kai. Da wannan akwatin na yi wasa ina ƙarama, ni ke jera masa su daga babba zuwa ƙarami.

"Yana ina?"

Na gaya masa. Na ce mutumin ya ƙi, har ya rantse.

Gado ya sake ƙara. Baba ya dafa da hannun dama ya tashi zaune, ya daɗe yana mayar da numfashi. "Takalmi," ya ce.

Mama ta shigo. "Malam, ina za ka? Kasuwa ce fa, cike take da mutane."

"Motata ce... ta mutu. Ni zan je."

Kar in yi ƙarya, ban ji daɗi ba. Wani sabon tsoro ne ya hau kan na farko. Mutumin da shekara ɗaya da rabi bai taka titi ba, in ya faɗi a can fa? In aka yi masa kallon da yake gudu, ya dawo ya juya bango gaba ɗaya fa? Na mayar da murfin akwatin da sukuru biyu, na rungume shi, muka shiga tasi. Mama ta tsaya a ƙofa, har muka sha kwana bakinta na motsi.

Lungunan kasuwar ƙanana ne, masu turo kwalaye na ta cewa a ba su hanya. Baba na gaba yana ƙwas da jan ƙafa, mutane na darewa suna kallo, shi kuwa idonsa na gaba kamar yana kan titi. Injiniya ya gan mu, ya tashi tsaye ya karɓi akwatin daga hannuna. Sai ga benen. Matakala goma sha bakwai, na siminti, gefen ya cinye, ƙarfen dafawa na girgiza.

"Baba, ka zauna a shagona in sauko maka da shi," in ji Injiniya.

Baba ya rataya sanda a wuyan hannu, ya kama ƙarfen. Na bi bayansa hannuwana a buɗe, alhali na san in ya taho ba zan iya tare shi ba, tare za mu gangara. Ƙafar dama ta hau, ya tsaya, ya jawo ta hagu. A mataki na tara bakin takalmin hagu ya kama gefen siminti, jikinsa ya yi baya, na ji nauyinsa duka a tafukan hannuna. Ya ja ƙarfen ya daidaita, ya ce, "Saura... takwas." Ashe shi ma ƙirgawa yake.

Ɗakin wasan dogo ne, kwamfutoci takwas a jere, kowa da abin ji a kunne. Mai wurin, wani ƙaton mutum da tarin makullai a ƙugu, ya hango Injiniya da akwati ya fara, "Ai na gaya maka..." Sai ya ga Baba a bayansa, rigarsa ta jiƙe da gumi.

Baba ya matsa gaban teburinsa. Maganar ta ɗau lokaci, har masu wasa suka fara cire abin kunnensu suna juyowa. Abin da ya gudu shekara ɗaya da rabi ke nan, baƙin ido a kan bakinsa. Na so ƙasa ta tsage in shige a madadinsa.

"Shekara talatin... da ɗaya... ina tirela. Ban taɓa wuce... mota a mace... ban tsaya ba. Jak, taya, batir... na ba wanda ban sani ba." Ya huta. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tsohon lasisinsa da ya daɗe da ƙarewa, ya ajiye a kan teburin. "Riƙe wannan."

Mutumin ya kalli lasisin, ya kalli ƙofar bene. "Baba, da ƙafarka ka hawo?" Ya ja tsaki, ba na raini ba, na wanda rantsuwarsa ta karye. Ya jawo wa Baba kujera. "Rabin awa. A gabana za a yi, kuma Injiniya ne zai taɓa, ba ita ba."

Na haɗiye maganar, don na cancanta.

Aka tashi mai wasa ɗaya, aka kwance kwamfutar, Injiniya ya ciro tsohon furosesanmu da yatsu biyu ya mayar da shi gidansa. Ya danna, allo ya kawo haske. Kafin in gama ajiyar zuciya ya ce, "Yanzu ne wurin haɗarin. Minti shida ko bakwai. In wuta ta ɗauke a tsakiya, an goge tsohon littafi ba a gama rubuta sabo ba, bod ya mutu ke nan. Tsohon da sabon ba wanda zai tashe shi."

Na tambayi mai wurin ko yana da batirin da ke riƙe wuta. Ya ce nasa ya lalace tun watan jiya. Ya ƙara da cewa akwai mai walda a bayan ginin, duk sanda ya kunna injinsa sai wutar bene ta yi ƙasa. Injiniya ya sauka ya roƙe shi minti goma, ya dawo ya ce ya amsa da to. Ya soka filashi mai ɗauke da sabon littafin, ya dube mu, ya danna.

Wani siririn layi ya fito a allon, da lamba a ƙarƙashinsa, sai ta kai ɗari za a gama. Baba na zaune, ni ina tsaye a gefensa. Goma. Ashirin da biyu. Har waɗanda ba su san mu ba sun bar wasansu. Arba'in. Ina jin ƙarar fankar sama, ina jin numfashin Baba. Hamsin da biyar. Na fara cewa a raina ai mun kusa.

A sittin da takwas muka ji injin walda ya yi gurnani daga ƙasa. Fitilun suka koma ja, fankar sama ta rage gudu, kwamfuta ɗaya a ƙarshen layi ta mutu ɗif. Injiniya ya kwasa a guje, muna jin takunsa a matakala. Wani abu ya damƙe mini wuyan hannu da ƙarfi har zafi ya kai mini gwiwar hannu, ban ko duba ba, idona na kan lambar. Sittin da takwas. Allon ya dushe ya dawo. Duk addu'ar da na sani ta ɓace mini sai guda ɗaya, ita nake ta maimaitawa. Ba bod nake gani ba, bayan Baba nake gani, da ni a bakin ƙofa, da Mama tana goge ƙwallon roba har ƙarshen rayuwarta.

Gurnanin ya yanke. Fitilu suka dawo fari. Sittin da takwas. Sittin da takwas. Sittin da tara.

Da ya kai ɗari allon ya mutu, na yi wani irin sauti, Injiniya da ya dawo yana haki ya ce, "Kar wanda ya taɓa, kanta take tashi." Ta mutu ta tashi sau biyu, sannan rubutu ya fito. Ya kashe, ya ciro tsohon ya miƙa wa mai shi, ya ɗaura sabon, ya danna. Haske ya kawo tun kafin ya ɗauke yatsa. Wani daga cikin masu wasan ya tafa, sauran suka bi.

Mai wurin ya miƙa wa Baba lasisinsa da hannu biyu. Baba ya nuna tsohon furosesan da haɓa. "In ka tashi... sayarwa... ni ne." Mutumin ya yi dariya, ya ce ya ji. Shi da Injiniya suka sauko da Baba, ɗaya a gaba ɗaya a gefe, bai kuma ce musu bari ba.

Rana ba ta faɗi ba muka iso gida. Na haɗa wayoyi, na mayar da sitiyari wurinsa. Baba bai ko sha ruwa ba ya zauna, ya ce in zaɓo masa hanyar nan mai mahaɗa. Ya shiga gari, motoci ko'ina, hoton na tafiya sumul. Itatuwan ba su kai na babban kati kyau ba, ba wanda ya tambaye su.

Ina durƙushe ina tsince sukurorin da na bari a ƙasa, Mama ta kama hannuna ta juya shi wajen haske. "Wa ya yi miki wannan?"

Sai a lokacin na gani. Shatin yatsu huɗu a saman wuyan hannuna, sun yi ja har sun fara duhu, da na babban yatsa ta ƙasa.

"Baba ne. Lokacin da wuta ta yi ƙasa."

"Da wane hannun?"

Na tuna inda kujerarsa take, na tuna inda na tsaya. Sandarsa na hannun dama, bai sake ta ba tun da ya zauna.

"Ta hagunsa nake tsaye, Mama."

Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba ta saki hannuna ba. Ta ɗora yatsunta a kan shatin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana ƙirgawa da baki ba sauti, har ta kai biyar. Sannan ta sake farawa daga farko. A bayanmu Baba ya iso mahaɗar, ya sa sigina, ya tsaya yana jiran danja ta ba shi hannu.